Kwallin Inna da Kawar Bakin Teku

A shekarun da muka zauna a Greensboro, aikina shi ne tambayar kawa abin da ta sha. Kawa wata halitta ce ta bakin teku mai ɓawo biyu, a haɗe kamar tafin hannu. Ba ta da ƙafa, ba ta da ido, inda aka ajiye ta nan take zama tana zuƙar ruwa tana fesarwa har ƙarshen ranta. Ni kuma a lokacin ɗaliba ce a jami'a, a sashen da ke bin sawun gubar da masana'antu da jiragen ruwa ke saki a teku, irin su dalma da zaiba. Garin ba shi da teku, sai an yi tafiyar kusan rabin yini a mota kafin a ji ƙanshin gishiri. Mukan je can mu rataye kawa cikin raga a inda kogi ke shiga teku, mu bar ta wata da watanni, sannan mu koma mu ɗebo ta cikin kula da ƙanƙara mu kawo ɗakin gwaje-gwaje.

Gidanmu yana hawa na biyu a wasu jerin gidajen haya da ke bayan titin Wendover. Maigidana yana aiki a wani katafaren sito da ke kan titin, yakan fita tun kafin gari ya gama wayewa. Motoci ba sa yankewa a wannan titi. Idan na rufe taga na kwanta, ƙararsu takan zama wani irin shuuu mai tafiya yana dawowa, har na riƙa yi wa kaina ƙarya cewa teku ce a bayan ɗakina. A wannan ɗaki na yi goyon ciki, a nan kuma Inna ta same ni da ta zo daga gida don ta yi mini wankan jego.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai. Ranar da na yi mata bayanin aikina, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato duk bokon nan da aka yi, har aka ƙetare ruwa, katantanwa kike fasawa?"

Na ce, "Kawa, Inna."

Ta ce, "Katantanwa dai. Allah ya sa albarka."

Kwanakin jegon nan ba na iya tuna su a jere. Ina tuna tururin ruwan zafi a banɗaki, madubi ya yi fari fat, Inna tana danna mini tawul a baya tana mitar ƙasar da ba ta da ko ganyen darbejiya. Ina tuna kunun kanwa da yaji, da hasken hantsi yana ratso bishiyoyin da ke bayan gidan yana yawo a kan bango. Matan Nijar maƙwabtanmu sukan shigo da kwanuka, suna Hausa suna jefa Faransanci, muryoyinsu su yi mini nisa, sai in farka in tarar sun tafi. Yarinyar, wadda aka sa wa sunan Inna, tana barci a ƙirjina. Ban taɓa jin daɗin zama ba komai ba kamar a wannan lokaci.

Kowace safiya, idan Inna ta gama yi wa takwararta wanka ta shafe ta da mai, sai ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan tandun fata. Kwalli ne a ciki, na dutse, wanda ita da kanta ta niƙa a gida har ya yi laushi. Takan tsoma ɗan tsinken tagulla, ta buɗe idon jaririyar da babban yatsa, ta zizara mata. Nan take idon ya fito, fari ya ƙara fari, baƙi ya ƙara baƙi, yarinyar ta zama kamar ta san duniya. Inna ta ce yana wanke dattin ido, yana ƙara gani, yana kuma kore bakin mutane. Ni ina kwance ina kallo, abin yana ba ni sha'awa ƙwarai. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Inna, ban ga abin tambaya a ciki ba.

Da na yi arba'in na koma aiki. A safiyar farko Inna ta tare ni a bakin ƙofa ta ce idona ya faɗa kamar na mai jinya, ba za ta bar ni in fita haka ba. Ta kama haɓata ta rambaɗa mini kwallin. Rabona da shi tun wanda na zo da shi ƙasar ya ƙare. Na ji sanyinsa ya ratsa idona, na ji kamar an mayar da ni tsakar gidanmu. Daga ranar kullum sai ta sa mini kafin in fita.

Ɗakin da muke aiki yana da dokoki kamar masallaci. A bakin ƙofa ake cire takalmi a sa na ciki. Ba a shiga da zobe ko ɗankunne, ba a shafa hoda ko jan-baki, ko wuƙar da muke fasa kawa da ita ba ta ƙarfe ba ce, don abin da muke nema kaɗan ne ƙwarai, ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata aikin. Duk na san wannan, ina kuma bin sa, har nakan yi wa sababbin ɗalibai tsawa a kai. Amma ko sau ɗaya ban sa kwalli a layin kayan shafa ba. A wurina magani ne, kamar man zafi.

Aikin kansa shiru ne da shi. Ki buɗe ɓawon, ki kwashe naman mai santsi, ki busar, ki niƙa, ki narkar da shi cikin asid har ya zama ruwa garai-garai, sannan ki ba na'ura ta faɗa miki abin da ke ciki. Nakan yi awoyi a haka, hannuna yana aiki, hankalina yana can ƙarƙashin ruwa inda kawar ta zauna, ina ganin koren haske yana saukowa, jirage suna wucewa ta sama kamar gajimare. A kowane rukuni kuma mukan sa kwalba ɗaya da babu kawa a cikinta, ruwa mai tsabta ne kawai da asid. Ita ce shaidarmu. Idan na'ura ta ga wani abu a cikinta, to dattin daga hannunmu yake, aikin gaba ɗaya ya tashi a banza.

Satin da na dawo, kwalbar shaida ta nuna dalma. Kawar da aka ɗebo daga wurin da muka san ruwansa da tsabta ita ma ta nuna dalma, mai yawa. Shugabarmu wata Baturiya ce mai furfura, tana zaune a Summerfield, can bayan gari, da dawakinta, kullum da ƙanshin ciyawa take zuwa. Ba ta da faɗa, tambaya ɗaya take maimaitawa: me ya canza? Muka canza ruwa, muka canza asid, muka buɗe sabon kwalin safar hannu. Ni da zuciyata mai saurin hawa har na fara zargin wani ɗalibi da na ga ba ya wanke kwalabe yadda nake so, na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarsa a daƙile.

Wata rana da azahar na sunkuya a kan farar takardar da muke shimfiɗawa a tebur, barci yana fizgata, na lumshe ido na buɗe. Sai na ga wasu 'yan ɗigo baƙaƙe a kan takardar, suna ƙyalli. Na tsaya ina kallonsu. Na goga gefen idona da auduga, na narkar da abin da ya fito, na ba na'ura. Sai da na yi ta tsinka shi da ruwa kafin ta iya karantawa. Dutsen da Inna ta niƙa kusan dalma ce zalla.

Ban tuna da kawa ba a lokacin, ko aikin da ya lalace. Idon 'yata na tuna. Na san abin da dalma ke yi wa jariri, ba ciwo take sa shi ya yi kuka ba, a hankali take shiga jini ta zauna a ƙwaƙwalwa ta rage wa yaro abin da ba za a taɓa sanin yawansa ba. Na gaya wa shugabar, ta dafa kafaɗata ta ce in tafi gida yanzu. Ban san yadda na bi Wendover ba ranar, fitilun kan hanya duk ja suka yi mini, ina ta dukan sitiyari.

Na tarar da su a falo, Inna tana yi wa takwararta wasa. Na ɗauke yarinyar ko sallama ban gama ba, na samo auduga da man zaitun na shiga goge mata ido. Ta callara kuka.

Inna ta ce, "Ke, lafiyarki? Me ta yi miki?"

Na ce, "Inna, kwallin nan guba ne. Na gwada a wurin aiki. Kada a ƙara sa mata."

"Guba?" Ta gyara zama. "Kwallin da na sa miki har kika yi wayo? Ga ki nan, idonki ras, kin yi karatun da ya kawo ki nan. Ko shi ne gubar?"

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na kawo sunayen abubuwa da Turanci, na ce na'ura ba ta ƙarya. Ita kuwa ta ɗaure tandun a bakin zani, ta ce to ta ji.

Washegari muka kai yarinyar asibiti aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito likitar ta ce dalmar ta hau, ba ta kai inda ake firgita ba tukuna, amma lallai a tsayar da abin da ke kawo ta, a dawo a sake aunawa. Na fassara wa Inna kalma bayan kalma. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Amma da na dawo aiki kwana biyu bayan haka, na ɗaga yarinyar zuwa taga, sai na ga ɗan baƙi-baƙi a lungun idonta. An sa da safe, an goge kafin in dawo. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, don haushi da tsoro. Inna ce ke tare da ita tun safe har yamma, ba ni da wanda zan bar wa ita, kuma ba mugunta take yi ba. A ganinta ni ce na bar jaririya da ido tsirara a ƙasar da ba ta san bakin mutanenta ba.

Maigidana ya ce, "Ki bar faɗan nan. Inna ba a tura ta, sai dai ta gani da kanta." Shi da yake surukinta ko ido ba ya iya haɗawa da ita, balle ya yi mata magana.

Tunda kawar da na taɓa ta lalace, dole a koma bakin teku a ɗebo ragowar da ke cikin ruwa. Na ce ni zan je ranar Asabar. Yarinyar tana shan nono, don haka da ita za a tafi, Inna kuma ba ta rabuwa da takwararta. Muka fita bayan sallar asuba, maigidana yana tuƙi. Ban huce ba, ita ma haka. Tuddai suka yi ta raguwa har ƙasa ta kwanta shimfiɗe, jar ƙasa ta koma yashi, gonakin taba da na auduga suna wucewa. Inna ta ga auduga ta ce, "Ashe su ma suna yi." Daga nan barci ya ɗauke ni, ina jin muryarta sama-sama tana yi wa yarinyar waƙa.

Wurin ba irin bakin tekun da ake gani a hoto ba ne. Fadama ce mai faɗi, ciyawa doguwa har iya gani, ruwa yana ratsa ta lungu-lungu, can nesa kuma wani farin layi inda tekun take. Mun isa ruwa ya janye, laka tana walƙiya, ƙananan ƙaguwa suna gudu su shige rami. Wani farin tsuntsu mai dogon wuya yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an manta da shi. Iskar tana da gishiri da ɗan warin ruɓa, kuma babu ƙarar komai sai laka tana tsotsar ruwa. Inna ta tsaya a kan gadar katako da goyo a bayanta, mayafinta yana kaɗawa. Can ta ce, "Ikon Allah. Ina ƙarshensa?"

Na sa dogayen takalman roba na shiga laka, na kwance ragar daga jikin turke na jawo ta kan gadar. Maigidana ya koma mota ɗauko kula. Kawar ta yi girma, ɓawonta ya yi kaushi, gansakuka ta lulluɓe ta. Wata ta tsarto ruwa, Inna ta ja da baya tana salati, sai kuma ta matso ta tsuguna.

Ta leƙa ruwan da ke ƙarƙashin gadar. Ana ganin ƙasansa, har da 'yan kifaye. Ta ce, "To ke, ruwan nan ai garau yake. In guba kuke nema, me ya hana ku ɗebi ruwan ku auna? Me ya kai ku wahalar da baiwar Allah?"

Ban shirya mata wani jawabi ba, tambayar aiki ta yi mini, na ba ta amsar aiki. Na ce ruwa wucewa yake yi. In kin ɗiba yau ki same shi da tsabta, gobe wani ya saki datti da dare ya wuce kafin ki zo. Kuma abin kaɗan-kaɗan yake zuwa, ko an auna ba a cika gani ba. Ita kuwa kawa tana nan zaune, duk abin da ya bi ta kanta sai ta sha, kuma ba ya fita, taruwa yake yi a jikinta.

Ta ɗauki ɗaya ta juya ta a hannu. "Wannan tana da shi?"

"Ban sani ba sai na auna."

"Ba a gani a jikinta?"

"Ba a gani. Mai gubar da marar gubar duk kamarsu ɗaya. Tana ci, tana girma, lafiyarta ƙalau a ido."

"Ba ta tofarwa?"

"Ba ta san yadda ake tofarwa ba, Inna. Abin da aka ba ta shi take sha."

Ta ajiye kawar a hankali. Yarinyar ta motsa a bayanta, ta kai hannu ta tallafe ta, ta bar hannun a can. Ruwa ya fara dawowa, yana shigowa lungunan ciyawa ba tare da ƙara ba. Na ci gaba da jera kawa a jaka ina rubuta lambar wuri, ban ɗago ba, don na ga fuskarta ta canza kuma na ji kunyar kallo.

Can ta ce, "Autana fa?"

Ƙanenmu ne na ƙarshe. Ya daɗe bai yi magana ba yana yaro, makaranta kuma ta gagare shi, har yau yana gida, mutum mai haƙuri da kowa ke aike. Ta ce shi ne ya yi ciwon ido yana jariri, ta riƙa sa masa safe da yamma, har da rana.

Na so in ce mata a'a. Bakina ya buɗe da niyyar haka. Amma ita ce ta haife ni, ta san muryata in ina lallashi. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Inna. Abubuwa da yawa suna kawo haka. Babu mai iya sani yanzu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, Inna ba ta kuka a gaban 'ya'yanta. Ta kwance bakin zani ta fito da tandun, ta ɗaga hannu za ta wurga shi cikin ruwa. Na yi wuf na riƙe wuyan hannunta da safata mai laka.

"Inna, kar ki jefa! Su za su sha."

Ta dube ni, ta dubi ragar kawar, sai wata dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, marar daɗi. Ta ce, "To ina za a kai shi? Ƙasa ma ta wani ce." Na buɗe jakar roba irin ta aiki, ta saka shi da hannunta, na ɗaure bakin. A hanyar dawowa ita ce ta yi barci, ko ta yi kamar tana yi, kanta jingine da gilashi.

Washegari Lahadi na fito da hantsi na same ta a falo ta gama yi wa yarinyar wanka, tana shafa mata mai. Da ta ɗago sai na ga kamar wata tsohuwa ce ta zo mana baƙunta. Tunda nake ban taɓa ganin idon Inna babu kwalli ba. Ƙanana ne ashe, gefensu ja, kuma sun gaji. Tausayinta ya kama ni, na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Ke, daina kallona haka. Akwai sauran katin waya?"

Na ce akwai.

"Kira mini gida yanzu-yanzu. Matar babban ƙanenki watanta ya tsaya, kuma rabin dutsen na bar mata a cikin kwalla, na ce ta niƙa ta ajiye." Ta miƙo mini yarinyar, ta goge hannunta a zani. "Ke ba za su ji maganarki ba. Ni na ba ta da hannuna, ni zan ce ta fitar da shi."